Ganuwar Bakin Rafi da Haƙƙin Gyaranta

Idan aka ambaci ganuwa a gaban ɗalibin Hausa, abin da zai fara zo masa a rai shi ne badalar birnin Kano, wadda tarihi ya nuna an fara gininta a zamanin Sarki Gijimasu, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa. To, amma akwai wata irin ganuwa wadda ba a rubuta tarihinta ba, ba ta da ƙofa balle sarkin ƙofa, abokin gabanta kuma ba ya zuwa a kan doki. Ita ce tudun ƙasar nan da manoman bakin rafi suke tayarwa tsakanin gonarsu da ruwa. Wasu datsi suke ce mata, wasu kariya, mu dai a gidanmu ganuwa muka taso muka ji ana kiran ta. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bayyana wa mai karatu yadda ake kula da irin wannan ganuwa, kamar yadda na gani da idona na kuma sa hannuna, sa'an nan in faɗi abin da yake neman kayar da ita a yau.

Ƙasarmu da Rafinmu

Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Dambatta, arewa da birnin Kano, a gefen wani rafi wanda yake zuba ruwansa cikin Kogin Tomas. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Daura ya san irin wannan ƙasa. Babu daji, babu saura. Gona tana manne da gona tun daga bakin kwalta har iyakar ganin ido, ba abin da ya raba su sai layin jema ko na lalle ko na aguwa, ga kuma gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaitsaye, kowace bishiya da mai ita. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da kuma Jami'ar Bayero, ya yi nazarin wannan yanki na kewayen Kano tun daga shekarun 1960, ya kuma nuna yadda mutanensa suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, suna riƙe ta da taki, ba tare da ta mutu ba. Abin da wannan yake nufi ga talaka shi ne, in gonarsa ta tafi, to ta tafi ke nan. Babu sauran dajin da zai je ya roƙi dagaci ya sari sabuwa.

A irin wannan wuri kuwa babu ƙasa mai daraja kamar fadama. Gonar tudu sau ɗaya take ciyar da mai ita a shekara, da gero da dawa da wake da gyaɗa. Ita fadama da damina ta ba da shinkafa, da rani kuma ta ba da albasa da tumatir da tattasai. A da da jigo ake ban-ruwa. Tun daga shekarun 1980, lokacin da hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan injina da rijiyoyin bututu a jihar, darajar fadama ta ƙara hauhawa. Ni kaina kuɗin rajistar da na biya a wannan jami'a daga buhunan albasar fadamarmu suka fito, saboda haka in na yi maganar ganuwa, maganar tukunyar gidanmu nake yi.

Shi rafin namu, wanda ya gan shi da rani ba zai yarda ana jin tsoronsa ba. Yashi ne fari fat a shimfiɗe, yara na langa a ciki, makiyaya na tona ƴan ramuka suna shayar da shanu. Amma a watan Agusta, in marka ta kama, sai ya koma wani abu dabam. Sau da yawa ma ba a kanmu aka yi ruwan ba. Sama tana garau, sai a ji ƙugi daga yamma, kafin a kwance jaki ruwa ja wur ya cika gaɓa da gaɓa, ɗauke da kara da itace, wani lokaci har da mushen akuya. Ga shi kuma ruwa ba ya tafiya a miƙe. Duk inda rafi ya yi gwiwa, ƙarfin ruwan yana bugun gaɓar waje yana ƙwaƙule ta, ya kwashi ƙasar ya je ya jibge a gaɓar ciki. Fadamarmu a bayan gwiwa take, watau a ɓangaren da ake ci.

Kakana ne ya tayar da ganuwar, tun kafin a gina madatsar Tomas a shekarun 1970. A lokacin gidan gandu ne, shi da ƴaƴansa maza huɗu, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Rani uku suka yi suna jidar yumɓu a mangalar jaki, maƙwabta na taya su da gayya, har suka yi tudu mai tsawon taki ɗari uku da ƴan kai, tsayinsa ya kai ƙirjin babban mutum, faɗin kansa kuwa jaki da kaya zai bi. Ba a daɗe da gamawa ba sai ga farin 1973, daga baya kuma na 1984. Mahaifina ya ce a waɗannan shekaru rafin ko ƙwaurin yaro bai rufe ba, amma tsohon bai taɓa tsallake bazara ɗaya bai fitar da su gyara ba, har mutane suna zolayarsa wai yana gadin ruwan da ba ya nan. Shi kuwa abin da yake ce musu kawai shi ne, ruwa ba ya manta hanyarsa. A watan Agusta na 1988 damina ta dawo da ƙarfinta, har madatsar Bagauda da ke kudancin Kano ta ɓalle. A wajenmu rafin ya cinye lambuna da dama, ya bar yashi inda a da shinkafa take. Ganuwarmu ta jiƙe, ta tsattsage, amma ta tsaya.

Yadda Ake Gyara

Kula da ganuwa lokuta uku gare shi. Da kaka ake dubawa, da bazara ake gyarawa, da damina kuma ake gadi.

Da zarar an gama girbi ruwa ya janye, sai a yanke ciyawar da ta lulluɓe ganuwar, a kai gida a yi zana da jinka, domin jikinta ya fito fili. Daga nan sai mai dubawa ya bi ta sannu a hankali, sau ɗaya ta wajen rafi, sau ɗaya ta wajen gona. Abin da yake nema shi ne tsaga da rami da loɓawa. Tsaga iri biyu ce. Wadda ta bi tsawon ganuwa tana nuna cewa gefen yana shirin zaftarewa. Wadda ta ratsa ta daga gefe zuwa gefe kuwa ta fi muni, domin hanya ce aka riga aka share wa ruwa. Ramuka kuma na gafiya ne da ɓera da damo, sai gara, wadda take rarake ciki ta bar waje sumul kamar ba abin da ya faru. Mahaifina da sanda yake tafiya, yana dukan ƙasa yana saurarawa. Inda ta amsa da ƙarar ganga, to akwai kogo a ƙasa, sai ya ce in kafa kara a wurin.

A wannan zagaye ne kuma ake tuge duk wata bishiyar da ta tsiro a jikin ganuwa, ko da kuwa mangwaro ne. Baƙo yakan yi mamakin wannan, domin an saba ji cewa bishiya tana riƙe ƙasa. Gaskiya ne tana riƙewa a gaɓar rafi, amma a kan tudun da aka gina da hannu illarta ta fi amfaninta. In iska ta tumɓuke ta, da guntun ganuwa za ta tafi. In kuma ta bushe, saiwarta ta ruɓe ta bar kafa kamar bututu. Abin da ake so ciyawa ce, musamman jema, wadda saiwarta take nutsewa ƙasa a miƙe ta saƙe ta kamar taru. A gindi kuma, wajen da ruwa yake bugu, akan dasa kashe-kwari, wanda reshensa kawai za a soka a danshi ya kama, dabbobi kuma ba su damu da cinsa ba. Sunan nan nasa ma ya isa ya faɗa wa ɗalibin harshe aikin da Bahaushe ya ɗauke shi yi.

Babban aikin da bazara ake yin sa, bayan an kwashe kayan lambu, kafin a shiga shuka. Doka ta farko ita ce ba a toshe bakin rami a wuce. Sai an bi shi da diga an tone har ɗakin mai shi, ko da kuwa za a yanke ganuwar gida biyu. In an gama tonon, sai a sassare gefen tsohuwar ƙasa a yi mata hawa-hawa kamar matakala, a yayyafa mata ruwa, domin sabuwar ta kama ta. In ba a yi haka ba, tsakanin tsohuwa da sabuwa nan ne ruwa zai bi. Ita ƙasar cikon ba kowace iri ba ce. Yashi ba ya riƙe ruwa, baƙar laka zalla kuma tana tsagewa in ta bushe, don haka yumɓu ake so mai ɗan rairayi a jikinsa. Ana gwada danshinsa da hannu: a dunƙula, in ya wargaje ya yi bushewa, in ya ɗiga ya yi ruwa, in ya tsaya da shatin yatsu a jikinsa to ya yi daidai. Sai a zuba kaurin ɗani ɗaya, a bi da madaɓi da duddugen ƙafa a daɓe sosai, sa'an nan a ƙara wani. Mai gaggawa yakan juye mangala biyar a lokaci ɗaya ya daɓe sama kawai, ruwan farko kuma ya tona masa asiri.

Doka ta biyu, ba a ɗiban ƙasa a gindin ganuwa don a ɗora mata a ka. Wannan kamar mutum ne ya yanki gindin rigarsa ya yi mata wuya. Daga can nesa ake jido ta, shi ya sa jaki da kura suke da muhimmanci a aikin. Doka ta uku kuwa, ba a tsayar da ganuwar ruwa cak kamar katangar gida. A kishingiɗe ake barin ta, gindi ya ninka kai faɗi sau da yawa, yadda ruwa zai hau jikinta ya zame.

Wajen gwiwar rafi, inda bugu ya fi tsanani, ƙasa ita kaɗai ba ta isa. A nan akan kafa turaku layi biyu, a saƙa su da rassa, a cika tsakaninsu da marmara. A zamanin kakana da ƙirya ake yin turakun, saboda gara ba ta cin ta da wuri. Yanzu ƙirya ta yi wuya, sai darbejiya, wadda sai an riƙa sauya ta. Buhunan yashi kuma ba a cika su fam. Rabi da ɗan ɗori ake zubawa, a naɗe baki a ƙarƙashi, a jera su a sarƙe kamar ginin bulo, sa'an nan a rufe su da ƙasa, domin buhun leda in ya sha rana ko shekara ba ya yi yake ruɓewa.

Akwai kuma abin da mutane da yawa suke mantawa, watau ruwan da yake zuwa ta baya. Ganuwar da ta hana rafi shiga gona, ita ce kuma take hana ruwan gona fita. In ba a yi masa magudana ba, sai ya taru ya kwanta a gindinta ya jiƙa ta har ta yi laushi kamar tuwo. Tamu tana da magudana biyu da aka shimfiɗe da duwatsu, waɗanda ake yashewa kowace bazara. In rafi ya cika kuma sai a toshe su da buhu, don kada ruwa ya biyo ta nan ya shigo.

Gadin damina shi ne ya fi tsaya mini a rai. In an yi ruwa mai yawa, da dare ake fita da tocila, a bi ganuwar ta wajen gona ana duba inda take tsatsafo. Na tuna wani dare da na haska na ga ruwa yana ɓuɓɓugowa daga gindinta, na ƙwala wa mahaifina kira a firgice.

"Baba, ga ruwa nan yana fita!"

Bai ko ɗaga ƙafa da sauri ba. Ya ce, "Tara hannunka ka gani. Garau yake ko ja?"

Na tara na haska, na ce, "Garau yake, Baba."

Ya ce, "To, gumi take yi, ƙyale ta. Ranar da ka ga ya fito da jar ƙasa, ranar za ka tashi gari."

Ma'anar wannan ita ce, ruwa mai tsabta ratsawa kawai yake yi, amma mai launi yana ɗauke da naman ganuwar ne yana fita da shi, kuma kafar tana ƙara faɗi ke nan. In an ga haka ba a danne bakin da ƙarfi, domin zai ɓullo ta wani wurin. Zagaye shi ake yi da buhuna kamar bakin rijiya, ruwan ya taru a ciki ya yi nauyi, gudunsa ya ragu. Wani abin da na koya a gadin nan kuma shi ne, ganuwa ba ta cika zaftarewa ranar da rafi ya cika ba, sai ranar da ya janye da sauri. Ta riga ta sha ruwa ta yi nauyi, ruwan da ya tokare ta kuma ya tafi ya bar ta. Saboda haka mai gadi ba ya komawa barci don ya ga ruwa ya sauka.

Abin da Gado Ya Raba

Duk wannan sani yana nan bai ɓace ba tukuna. Abin da ya sauya shi ne masu ganuwar. Da kakana ya rasu, aka raba gado yadda shari'a ta tanada tsakanin ƴaƴansa maza huɗu da mata uku. Domin kowa ya sami hanyar ruwa, sai aka yanka fadamar tsaye-tsaye, kowane kaso ya taɓo bakin rafi. Malaman da suka yi rabon sun auna ƙasa da igiya, sun ƙirga itatuwa, sun yi adalci iyakar iyawarsu. Ganuwa kuwa ba wanda ya ambace ta, domin a idon kowa ba dukiya ba ce da za a raba. Ta haka ta zama guntu bakwai, kowa da abin da ya fuskanci gonarsa.

Shekarun farko ba a ga bambanci ba, domin ƴan'uwa sun ci gaba da fita tare kamar yadda suka saba. A hankali sai abubuwa suka soma rarrabuwa. Baffana ɗaya ya rasu, aka sake yanka kasonsa tsakanin ƴaƴansa. Wani ya ba da nasa jingina don aurar da ƴa. Gwaggona ɗaya tana aure a nesa, haya take bayarwa. Samarin gidan kuwa, da an yi girbi sun nufi Kano tuƙin a-daidaita-sahu, ko Legas da Abuja neman kuɗi, ba mai dawowa sai ruwa ya sauka. Gayya ta koma ƙwadago, wanda sai da kuɗi a hannu. Idan aka yi wa mai riƙe da jingina maganar gyara, sai ya ce gonar ba tasa ba ce, gobe ana iya kawo masa kuɗinsa a karɓe. Idan aka yi wa mai gonar magana, sai ya ce shi da ba ya cin ko zangarniya ɗaya a ciki, don me zai yi wa wani wahala. Kowannensu in ka saurare shi sai ka ga kamar yana da hujja.

Ana cikin haka sai ga masu tifa. Birnin Kano yana ta faɗaɗa, ginin bulo kuma yashi yake ci, saboda haka kowane rani manyan motoci suna shiga cikin rafin suna lodi. Duk yashin da aka ɗebe, ƙasan rafin yana ƙara zurfi, gindin gaɓa kuma yana zama a rataye. Ba zan ɗora wa baƙi laifin duka ba, domin masu riƙe da shebur ɗin yaranmu ne, kuma a ranar ake biyan su, abin da ganuwa ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Daminar 2022, wadda ambaliyarta ta shafi jihohi masu yawa a ƙasar nan, ita ce ta yi mana hisabi. Ganuwar ta ɓalle a daidai kason da yake hannun jingina, inda aka yi bazara uku ba a taɓa ba. Ruwan da ya shiga bai tambayi iyakar kowa ba. Ya bi ta bayan ganuwar ya malale kaso biyar, ya binne shinkafa da yashi har gwiwa. Guntun mahaifina, wanda muka daɓe da hannunmu a bazarar, yana nan tsaye ƙyam kamar tsibiri, ruwa gaba ruwa baya, bai tsare masa komai ba. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. A bakin rafi shafa wa naka ba ya wadatarwa, sai ka je ka kashe nasa.

Yadda Wasu Suka Yi

Da na dawo makaranta na ɗan bincika, sai na tarar wannan matsala ta girmi ƙauyenmu. Badalar Kano kanta ƙasa ce, kuma abin da ya tsayar da ita ɗaruruwan shekaru shi ne gyaran da ake kiran jama'a su yi mata bayan damina. Da Turawa suka ci Kano a 1903, buƙatarta ta kau, gyara ya ja baya, ruwan sama da masu ɗiban ƙasa suka yi mata abin da mahara ba su yi ba. A ƙasar Yaman, madatsar Ma'arib ta mutanen Saba'i ta yi fiye da shekara dubu tana shayar da gonaki. Ta sha ɓallewa ana gyarawa, har Abrahata ma ya gyara ta ya sa aka rubuta a jikin dutse, kafin ta rushe gaba ɗaya a ƙarni na 6. Malaman tafsiri sukan kawo labarin ɓeran da ya rarake ta, wanda duk manomin bakin rafi zai gane shi ba sai an yi masa dogon sharhi ba. A zamaninmu kuma mun ga abin da ya sami Maiduguri a watan Satumba na 2024, da madatsar Alau ta ɓalle.

Waɗanda suka fi ba ni abin tunani su ne mutanen Holan, waɗanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarsu yana ƙasa da teku, ganuwa ce tsakaninsu da ita. Tun wajen ƙarni na 13 suke da majalisun ruwa. A tsarinsu na da, kowane mai gona yana da guntun ganuwar da aka ɗora masa, an kafa turaku an shata masa iyaka, shugabannin majalisa kuma suna zagayawa dubawa a lokutan da aka sani, su ci tarar wanda ya yi sakaci. Wanda ya ga ba zai iya ba, sai ya soka shebur ɗinsa a jikin ganuwar, alamar ya sallama gonar, wanda ya zare shebur ɗin ya ɗauki gona da nauyinta tare. Daga baya suka ga cewa ko da hakan guntun mai rauni yana cutar kowa, sai suka koma tara kuɗi ana gyaran a dunƙule. Duk da wannan tsari, a farkon 1953 teku ta fasa ganuwoyinsu cikin dare ta kashe mutum fiye da 1,800. Abin da na ɗauka daga gare su shi ne, sun ɗaure gona da ganuwa da igiya ɗaya, yadda ba mai iya riƙe ɗaya ya saki ɗaya.

Zaman da Aka Yi

Bayan ɓarnar, babban baffanmu ya tara dangi a zaurensa, ya gayyato mai unguwa da liman da sarkin noma, har da mai riƙe da jingina. An daɗe ana ja-in-ja, kowa na kare kansa. Wadda ta kashe maganar ita ce ƙaramar gwaggona, wadda mijinta ya rasu, shinkafar nan kuma ita ce abincin marayunta. Daga bayan ƙofa ta yi magana, ta ce, "Yaya, ni ban iya diga ba, amma kowace bazara sai na sayar da akuya na biya an gyara nawa. Yau ga shi ba ni da ko tiya ɗaya. Ku gaya mini wanda zan bi bashi." Zauren ya yi tsit. Baffa ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Mu duka za ki bi."

A ranar aka yi yarjejeniya, liman ya rubuta da ajami, ni kuma aka ce in rubuta da boko. An yarda cewa ganuwa ɗaya ce, kuma tare za a riƙa gyaran ta, kwana biyu a kowace bazara, a fara da wurin da ya fi lalacewa ko na wane ne. Wanda ba ya gari zai aiko da kuɗin lebura. Duk wanda ya ci amfanin gona a shekarar, mai ita ne ko ɗan haya ko mai jingina, shi ne zai ɗauki nauyin, kuma za a riƙa faɗin haka a gaban shaidu tun ranar ƙulla cinikin. Baffa da sarkin noma za su zagaya dubawa da kaka. An kuma yarda ba wanda zai kafa turakun da za su karkata ruwa zuwa gaɓar tsallake ba tare da an yi shawara da mutanen can ba, domin bai halatta mutum ya tsare kansa da cutar maƙwabcinsa ba. Mai unguwa ya ɗauki alkawarin kai wa dagaci kukan a nisanta ɗiban yashi daga gwiwar rafi.

Ba zan ce komai ya daidaita ba. An toshe ɓarakar, an kwashe yashin da ya binne gonaki a cikin rani biyu, gayyar farko kuma ta yi jama'a har da kiɗa. Ta biyu ba ta kai ta farko ba, domin tsoro ya fara sanyi. Maganar tifa kuwa tana nan inda take, in an kore su wannan mako, mako mai zuwa sai a ga sawun taya.

Kammalawa

Da yawa daga cikinmu a wannan sashe ƴaƴan manoma ne, kuma ba mamaki a gidan wani akwai irin wannan ganuwa, ko kwazazzabon da yake matsowa kowace damina, ko rijiyar da ta zama ta kowa don haka ba mai yashe ta. Ina da roƙo biyu. Na farko ga malamanmu masu rabon gado da masu unguwanni, su riƙa ambaton nauyin da yake kan gona a lokacin da suke auna ta, a san mai ɗaukarsa tun kafin a watse. Na biyu ga ƴan'uwana ɗalibai masu neman abin da za su yi nazari a kai. Dattawan da suka san bambancin gumin ganuwa da ciwonta suna ƙarewa, kalmomin aikin kuma tare da su suke tafiya, ga shi ba mu tattara su ba. Wanda zai je tattarawar ya daidaita tafiyarsa da bazara, ya tafi da littafi da alƙalami, kada kuma ya ƙi karɓar madaɓi in an miƙo masa, domin a bakin aiki ne tsofaffin nan suka fi sakin baki. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga sharrin ruwa.